Zuciyar Mai Gyaran Agogo

4 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata, 'Yar Sakan,

Assalamu alaikum. Ni da Innarki muna gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, aikin binciken kuma yana tafiya yadda kike so. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Innarki ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Mahaifiyarki ta leƙo mu ranar Lahadi, ta ce tun da ni ne yayanta in yi miki faɗa, kin rame a hoton da kika aiko.

Na san za ki ce me ya hana Kawu ɗaga waya. A waya ina fara magana sai ki ce "to, to", in kashe ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Takarda ba ta katse mutum.

Kin ji labarin zazzaɓin da ya kwantar da ni a ƙarshen shekara, wanda ya sauka a ƙirji har na yi kwana tara a asibiti. An ce ƙwayar cutar ta mutu. Tari ya tafi, ina cin abinci har Innarki na ƙorafi. Amma wani abu ya saura. Muddin ina zaune a bencina da gilashi a ido, ni ne dai Kawunki da kika sani. Da zarar na miƙe in ɗauko agogon bango daga kan kanta, sai zuciyata ta ɗauki gudu, idona ya yi duhu, gumi ya karyo min. Salla ma a zaune nake yin ta yanzu. Na koma asibiti sau biyu. Suka kwantar da ni a gado, suka manna min wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana layinta a takarda, suka ce ƙalau nake. Wani ma ya tambaye ni ko ina da damuwa a gida. Na ce shekara talatin da ɗaya muna tare da Innarki, da ita ce da tuni ta gama da ni.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Babban agogon hasumiyar tashar jirgin ƙasa, wanda nake hawa in murɗa duk Litinin tun kafin a haife ki, ya tsaya. Ina kwance a asibiti wani lebura ya hau don ya taimaka, ya murɗa a baibai, igiyar nauyin da ke jan injin ta sauka daga kan gangar da take naɗuwa a kai. Tun ranar yake nuna huɗu da minti ashirin. Shugaban tasha mutumin kirki ne, ya zo har shago, ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen watan Yuni. In ban iya hawa na gyara ba, za a kwashe kayan cikinsa a sa injin lantarki, ni kuma in mayar da mabuɗin. Matakala sittin da huɗu ce tsakanina da shi. Ta ƙofar gidanmu guda uku ce, ita ma sai na dafa bango.

An ce aikinki a can kan zuciya da jijiyoyinta ne. Ke da kika yi ƙuruciya kina zagaye shagona ba tsayawa kamar hannun sakan na agogo har na laƙaba miki sunan nan, yau ga ni a gabanki da nawa gyaran. Me ya lalace?

Kawunki,
Mai Agogo

19 ga Fabrairu

Kawuna,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa ko jakata ban ajiye ba. Ina gaida Inna, a ce mata na ji abin da ka faɗa a kan bakinta, kuma ba ni a ciki. Ita kuma Mama a ce mata hoton ne ya rame, ba ni ba.

Kawu, hankalina ya tashi da na ji kana salla a zaune, kai da ban taɓa ganinka ka jingina da komai ba. Amma bari in faɗa maka gaskiya tun farko: ni ba likitar da ke duba marasa lafiya ba ce. A ɗakin bincike nake, ina auna bugun zuciyar mutanen da suka tashi daga ciwo, ina kwatanta lambobi. Don haka abin da zan iya karantawa ke nan, lambobi.

Ka ɗauko agogon nan naka mai auna sakan. Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ka ƙirga bugun na minti ɗaya cur, safe da rana da yamma, har kwana bakwai. Ka rubuto min. Na san ba sai na ce ka yi daidai ba, kai da kake mayar wa mutum agogonsa da wa'azi in ya yi lattin rabin minti.

Tun da an zo nan, gara ka ji daga bakina. Agogon hannun da ka ba ni ranar tafiyata ya tsaya tun bara. Ina ɗaure da shi kullum, in aka tambaye ni lokaci sai in duba waya. Kada ka yi faɗa, ba ka da lafiya.

'Yarka,
'Yar Sakan

5 ga Maris

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, jiki yana nan yadda yake. Maganar agogon hannu na ajiye ta sai na warke, don faɗan yana da tsawo.

Na yi ƙirgar kwana bakwai, na yi ta kamar yadda suke yi a asibiti don kada ki ce ban bi ƙa'ida ba. Ga su a bayan takarda. In taƙaita miki, mafi ƙanƙanta saba'in da biyu, mafi girma saba'in da takwas. Innarki ta ce in ƙara da nata, na ce ba a gwada agogon da ba a kawo gyara ba.

Jiya na bi ta gaban tasha a mota. Mutane sun daina ɗaga kai su dubi agogon. Wannan ya fi min ciwo fiye da tsayuwar tasa.

Kawunki

17 ga Maris

Kawuna,

Gaisuwa a gurguje, da fatan kowa lafiya. Gobe za mu tafi wani taro na mako uku, ina ta haɗa takardu, amma ban so in bar ka da jira ba. Na duba lambobin. Waɗannan lambobi ne na lafiyayyar zuciya, Kawu, ko matashi ya samu irinsu ya gode Allah. Ka kwantar da hankalinka, kada ka sa wa ranka damuwa. In na dawo zan rubuto da tsawo.

'Yarka

2 ga Afrilu

'Yar Sakan,

Gaisuwa. Muna nan da rai, alhamdu lillahi. Gwiwata ta hagu ta kumbura, goshina yana da ɗinki uku, ban da wannan babu komai.

Na karanta takardarki sau huɗu. Lafiyayyar zuciya, kada in sa damuwa. Na ce to, ashe ke ma ganinki ke nan, tsoho ya ji tsoron asibiti ya koma raki. Da likitan ya faɗa ban ji zafi ba, bai san ni ba. Ke kin san ni. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba, na kuma ji kunya. Sai na ce in raki ne, maganinsa hawa.

Ranar Litinin na ɗauki jakar kayan aiki da mabuɗin, ban faɗa wa Innarki ba. Na buɗe ƙaramar ƙofar, na fara hawa ina ƙirgawa kamar kullum. A matakala ta goma zuciyata ta fara dukan haƙarƙarina. A ta goma sha biyar na daina jin ƙarar jiragen. Ta goma sha tara ita ce ta ƙarshe da na sani. Matar nan mai sayar da tikiti ce ta ji faɗuwar jaka, ta shigo ta same ni a zube a kan matakala, sukundirebobina sun watse har ƙasa. Ita ta tattara su ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan ƙaramin nan mai jan kai da kike sacewa kina yarinya.

Shugaban tasha ya dube ni irin kallon da nake yi wa agogon da na san ba zai tashi ba. Innarki kuwa ta ce komai da komai, har yanzu ba ta gama ba.

Ban rubuto don in ɗora miki laifi ba. Ki dai sani ba ƙarya nake yi ba.

Kawunki

14 ga Afrilu

Kawuna,

Na dawo na tarar da takardarka, na zauna a ƙasa na yi kuka. Sannu, Kawu. Allah ya ƙara sauƙi, ya kiyaye gaba. Ka yafe min. Ban taɓa zaton ƙarya kake yi ba, ko sau ɗaya. Na yi rubutu cikin gaggawa, na faɗi rabin magana, kai kuma ka ɗauki rabin ka hau bene da shi.

Na koma takardarka ta baya, na ga layin da na tsallake: ka yi ƙirgar kamar yadda suke yi a asibiti. Wato a kwance ka yi ta, ko? Laifina ne, ban ce ka tashi ba. Ciwonka a tsaye yake zuwa, mu duka muna ta auna ka a kwance.

Ga abin da nake zato, kuma shi ne abin da nake aiki a kai kullum. Zuciya tana da nata bugun, amma ba ita kaɗai ke yanke saurinta ba. Akwai jijiyoyi iri biyu da ke kai mata umarni, ba jijiyoyin jini ba, na saƙo. Ɗaya tana cewa ƙara sauri. Ɗaya kuma, wata doguwa da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya ta sauka ƙirji, tana cewa yi a hankali. Kamar sifirin da ke tura agogo ne, da ƙugiyar nan da ke kama haƙoran ƙafar injin agogo tana saki ɗaya-ɗaya. In mutum ya miƙe, jini yakan gangara ƙafafu. Sai wasu 'yan ma'aunai a jijiyoyin wuya su ji, su aika saƙo, hanyoyin jinin ƙafa su matse, zuciya ta ɗan ƙara sauri, sannan ta daidaita. Duk a cikin sakan kaɗan, mutum bai ma sani ba.

Lokacin da ƙwayar cuta ta shiga jikinka, jikin ya yaƙe ta da kumburi, ba irin na gwiwarka da ake gani ba, na cikin jini. Wani lokaci cutar takan mutu amma kumburin bai gama lafawa ba, sai ya dame waɗannan saƙonni. Mai cewa ƙara sauri ta yi ta ihu, mai cewa yi a hankali muryarta ta shaƙe. Tsokar zuciyar lafiya lau, umarnin da ke zuwar mata ne ya rikice. Mutane da yawa da muke aunawa suna samun sauƙi a hankali, cikin watanni.

Amma zato ne, sai likita ya tabbatar. Ka je wurin likitan zuciya da wannan takarda. Ka roƙe shi ya ɗauki hoton zuciyar ya auna jini, don a tabbata kumburin bai taɓa tsokar kanta ba. Sannan ya auna ka a kwance, ya tashe ka tsaye minti goma yana aunawa, da mutum a gefenka. Kada ka ƙara gishiri ko ka sha wani magani sai ya ce. Hasumiya kuwa, Kawu, ko inuwarta kada ka taka tukuna.

Na gode wa mai sayar da tikiti. Sukundireban mai jan kai dama nawa ne, aro na ba ka.

'Yarka da ta yi laifi

6 ga Mayu

'Yata,

Gaisuwa mai yawa, ki share hawayenki, magana ta wuce. Goshi ya warke, gwiwa ta sace. Innarki tana gaishe ki, ta ce ke kaɗai nake jin maganarki a duniya, kuma ba daidai ba ne.

Kunya ce ta kama ni da na karanta tambayarki. Ni da ban taɓa mayar wa mutum agogo ba sai na gwada shi a kwance, a kife, a tsaye, a gefen dama da na hagu, domin na san agogo yakan yi daidai a kan benci ya yi hauka a hannu. Shekara arba'in ina faɗa wa mutane wannan. Da aka zo kaina sai na kwanta shiru kamar gawa ina ƙirga.

Likitan zuciya mace ce, ba ta da yawan magana. Ta karanta takardarki har ƙarshe, ta ce wa ya rubuta, na ce 'yata ce, na ɗan gyara zama. Hoto ya nuna tsokar lafiya. Jini ya nuna sauran kumburi kaɗan. A kwance saba'in da huɗu, da ta tashe ni tsaye ya haura ɗari da ashirin da takwas. Ta juyo da allon ta nuna min. Wallahi daɗi na ji, kamar ranar da ka buɗe agogo ka ga gashin da ya hana shi tafiya.

Yanzu ga aikina. Ruwa kofi takwas a yini, Innarki ke ƙirgawa da mugunta. Wata doguwar safa mai matse ƙafa har cinya, wadda sa ta kaɗai ya isa motsa jiki. Ina kwanciya a tabarma ina tuƙa keke a iska, ina ɗaga ƙafa, kaɗan-kaɗan, in na gaji in bari. Sau biyu a yini ina zama in ja numfashi sakan biyar, in sake shi sakan biyar, da agogo a gabana. Wannan makon a tsaye ɗari da goma ne. Na yi sallar asuba a tsaye ranar Alhamis.

Abu ɗaya ya faranta min rai. Kunnena kin san shi. In na natsu ina sauraren bugun, tsakanin ɗaya da ɗaya daidai yake, ba gaba ba baya, kamar agogon da ya fito daga hannuna. Na ce duk abin da ya lalace, wannan dai bai lalace ba.

Kawunki

9 ga Yuni

Ɗiyata,

Ni ce Innarki. Ki yi haƙuri da rubutun, rabona da biro tun kuna makaranta. Ina gaishe ki, kowa lafiya, sai dai Kawunki da ban gane kansa ba.

Takardunki biyu sun zo, yana karantawa ya sa a aljihu, bai amsa ba. Kin kira waya sau uku ya ce in ce yana barci, na kuwa faɗa, Allah ya yafe min. Abin mamaki, jikinsa ya fi da. Yana zuwa shago da ƙafa, yana tsayawa ya yi ciniki, ranar nan har ya hau benen maƙwabta ya duba musu agogon bango ya sauko ba haki. Amma mako uku ke nan ba ya dariya. Sai in gan shi zaune da yatsu a wuyan hannu, ya ƙura wa bango ido. Ya kira duk masu agogo a shagonsa ya ce su zo su kwashe, har waɗanda suka manta da nasu shekara biyar.

Jiya na tsare shi a ɗaki na ce ba inda za shi sai ya faɗa min. Sai ya ce zuciyar ta fara ɗingishi. Wai in yana wannan numfashin nasa sai ta yi sauri ta yi jinkiri, ta yi sauri ta yi jinkiri, da can ba ta yi. Ya ce shi ya san abin da wannan ke nufi, agogon da ya fara haka kwanansa ya ƙare, bai taɓa ganin wanda ya yi wata uku ba. Na ce mu koma wurin likita, ya ce me za ta faɗa masa wanda kunnensa bai ji ba. Ya ce kada in gaya miki, kin yi ƙoƙari, kada ki ga kamar aikinki ya ɓaci.

Ya goge mabuɗin hasumiya ya sa a ambulan, yana nan a kan firji. Ya ce ranar ashirin da biyar ga wata zai kai wa shugaban tasha da hannunsa, ba sai an zo karɓa ba.

Tsoro nake ji, ɗiyata. In gaskiya ne ki faɗa min ni, zan iya ɗauka. In ba gaskiya ba ne ki faɗa masa, don ni ba ya jin tawa.

Innarki

15 ga Yuni

Kawuna,

Na biya an aiko da wannan ta masu saurin kai saƙo, don haka ba ka da hujjar barci. Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Kada ka yi mata faɗa, ita kaɗai ce mai hankali a cikinmu uku.

Laifi na biyu ke nan zan amsa. Da ka rubuto kana murna bugun daidai yake ba gaba ba baya, na ga layin sarai. Na san ba abin murna ba ne, amma na ga ka samu abin da ka riƙe, sai na yi shiru don kada in karɓe maka. Da na yi magana da ba ka kwashe mako uku kana sallamar duniya ba.

Kawu, zuciya ba agogo ba ce a nan wurin. Lafiyayyar zuciya ba ta buga daidai-wa-daida. In mutum ya ja numfashi, jijiyar nan mai cewa yi a hankali takan ɗan saki, bugun ya yi sauri. In ya saki numfashin, ta sake kamawa, bugun ya ja baya. Haka take a jikin yara sosai, tana raguwa da shekaru, kuma kumburi yakan kusan shafe ta. Aikina ke nan dukansa, auna wannan ɗan bambanci. In muka ga bugun mutum ya miƙe sak kamar na inji, mukan san jijiyar ta yi rauni. In muka ga ya fara gaba da baya tare da numfashi, mukan kira juna mu zo mu gani, domin alama ce ta farfaɗo. Mu sai da na'ura muke ganinsa. Kai da kunne ka ji.

Ba zan sake faɗin rabin magana ba, don haka ga sauran rabin. Akwai wani rashin daidaito na daban wanda ba ya bin numfashi, shi kuma yana buƙatar magani. Ni daga nan ba zan iya bambance su ba. Ka gwada da kanka: ka lura ko saurin yana zuwa ne duk lokacin da ka ja iska, jinkirin kuma duk lokacin da ka sake ta. Sannan ko me ka ji, gobe ka je wurin likitar, ta sa maka wayoyin, ka yi numfashin a gabanta. Ita za ta yanke, ita kuma za ta ce ko ka hau ko kada ka hau.

Ambulan ɗin nan ya zauna a kan firji har ka dawo. Inna, in kina karantawa ta bayan kafaɗarsa, ki ɓoye shi.

'Yarka,
'Yar Sakan

30 ga Yuni

'Yata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin wadda ba ta shiga takarda. Muna lafiya, ni da Innarki da mahaifiyarki. Innarki ta ce in fara da cewa ita ce ta yi daidai, to na faɗa, a wuce wurin.

Da takardarki ta zo na karanta, na ce yarinya tana lallashina ne. Amma gwaji gwaji ne. Na zauna a benci na ja iska, zuciyar ta yi sauri. Na saki, ta ja baya. Sau ashirin na yi, ba ta saɓa ko sau ɗaya ba. Agogon da zai mutu ba ya bin ƙa'ida a ɗingishinsa, wannan kuwa tana bi. A nan jikina ya fara sanyi, irin sanyin daɗi.

Washegari likita ta sa min wayoyin. Na yi numfashin, takarda tana fitowa, layukan suna matsuwa suna buɗewa, suna matsuwa suna buɗewa. Matar nan da ba ta dariya sai ga haƙoranta. Ta ɗauko takardar watan Afrilu ta jera su, waccan tsaf kamar haƙoran zarto, wadda nake alfahari da ita. Ta ce waccan ce ta mara lafiya. A tsaye kuma bugun ya tsaya a casa'in da huɗu. Ta ce ban gama warkewa ba, zan ci gaba da safa da ruwa da keken iska, kuma za a samu ranakun da jiki zai koma baya, kada in tsorata. Na ce hasumiya fa? Ta tambayi yawan matakala da inda ake hutawa. Ta ce in hau da safe kafin zafi, in zauna a kowane zango sai bugun ya sauka, kuma kada in hau ni kaɗai.

Ranar Litinin muka je. Innarki ta fito da ambulan daga cikin buhun shinkafa. Shugaban tasha da kansa ya ce shi zai bi bayana, ya riƙe jakar. Na fara ƙirgawa. A ta goma sha shida na zauna, na sha ruwa. Da na zo ta goma sha tara na ga ɗan tabon jinina a gefen dutsen, ba a goge ba. Tsoro ya kama ni sosai a nan. Na tsaya na ja iska sakan biyar, na saki sakan biyar, na taka. A ta talatin da biyu na zauna, a ta arba'in da takwas na zauna. Daga nan shugaban tasha ne ke roƙo a ƙara hutawa, yana haki kamar ya yi tsere. Hawan da nake yi a minti uku ya ci mana minti ashirin da biyar.

Ɗakin yana nan yadda na bar shi, da ƙura da kashin tattabaru, da tsohon tsumman maina a rataye a ƙusa. Na mayar da igiyar kan gangarta, na goge ƙafafun injin masu haƙora, na ɗiga mai a inda ake ɗigawa, duk a zaune a kan akwati. Na murɗa nauyin ya hau, a hankali, da hutu uku. Na juya hannayen daga huɗu da minti ashirin zuwa tara da kwata. Sannan na tura lilon agogon, ƙarfen nan mai kai-da-kawo, da yatsa ɗaya.

Ya kama. Wata shida ban ji wannan sautin ba. Na leƙa ta 'yar tagar, na ga Innarki a ƙasa tsaye da mai sayar da tikiti, sai wani mai jaka ya ɗaga kai ya duba, ya dubi hannunsa, ya ƙara sauri. Na koma na zauna, na ɗora yatsu a wuyan hannuna. Agogon yana tafiya daidai, ba gaba ba baya, kamar yadda na koya masa. Zuciyata kuwa tana sauri tana jinkiri a gefensa. Duk rayuwata in na ji irin wannan sai in ɗauko sukundireba. Ranar nan na zauna ina saurare, hawaye na zuba, shugaban tasha ya juya baya yana duba igiyar da bai san kanta ba.

Da muka sauko na miƙa masa ambulan ɗin, babu komai a ciki. Mabuɗin yana aljihuna.

Yanzu na warke daidai faɗa. Ki naɗe agogon hannun nan a auduga ki aiko min da shi. Shekara guda kina yawo da matacce a hannu, kina 'yar gidan mai agogo.

Kawunki,
Mai Agogo